Shekara huɗu ina fama da ciwon baya, yanzu an hana ni ƙwaya, ina mafita?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni tela ce a Tudun Wada, shekarata 13 a kan keke, tun bayan haihuwata ta uku bayana ya fara ciwo yau shekara 4 kenan. Daga ƙugu yake kamawa, wani lokacin ya sauko min ta cinyar hagu har bayan gwiwa kamar ana jan igiya. Da asuba sai na dafa bango nake miƙewa, ruku'u kuwa sai na cije leɓe. Duk tsawon lokacin nan haɗin kemis nake sha, irin wanda ake ƙulle miki a 'yar farar leda, ja ɗaya fari biyu da wani ɗan mitsitsi, in na sha sai in ji garau in zauna ɗinki har sha biyun dare. Da azumin da ya wuce lokacin ɗinkin salla, da sahur in sha da buɗa baki in sha, ana saura kwana biyar salla na fara ganin bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta ga jiri, aka kwashe ni sai asibiti har jini leda biyu aka ƙara min. Likita ya ce gyambon ciki ne ƙwayoyin suka jawo, ko da wasa kar in ƙara. Toh yanzu ga ni ga ciwo, fanadol ba ya min komai, kayan mutane sun taru a ɗaki kuma da ɗinkin nan nake taimaka wa maigida da kuɗin makarantar yara. Me kuka taɓa gwadawa ya muku aiki wanda ba ƙwaya ba?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumussalam 'yata, sannu, Allah ya yaye miki. Mu da muka taso a cikin gari ba mu san ƙwayar nan ba, ruwan zafi ne da tsumma. A tafasa ruwa a sirka, a tsoma tawul a matse a riƙa danna ƙugun safe da dare, in an gama a bi da man kaɗanya wanda aka narka da 'yar citta a ciki. Ni ina zargin ma ba ki gasu ba ne a jegon nan, ku yaran yanzu da an yi suna kun ajiye wanka. Ki koma shan kunun kanwa kuma.

Abu Ammar:
Allah ya ba ki lafiya Malama. Ki yi hijama. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah SAW ya ambaci waraka a cikin abu uku, ya lissafa shan zuma da ƙaho, kuma shi kansa an masa. Ni wuyana da kafaɗa ne suke damuna saboda zaman kwamfuta, duk bayan wata uku nake zuwa a 17 ko 19 ko 21 ga watan Musulunci, wallahi in na tashi ji nake kamar an sauke min buhu. Akwai mata masu yi wa mata a Zariya yanzu, ki tambaya.

Ɗan Kwangila:
Anti ki nemi tiramol ƙarami ki riƙa shan rabi, shi ba ya taɓa ciki kamar wancan.

Baban Walida mai Napep:
Ɗan Kwangila dan girman Allah ka goge wannan maganar. Ni da kake gani haka na fara, da rabi. Bayana ne ya matsa min saboda zaman Napep daga PZ zuwa Samaru, Samaru zuwa PZ tun safe har isha ga ramukan hanya, wani abokin aiki ya ba ni ya ce in gwada. Watan farko kam na ji daɗi ba ƙarya. Kafin shekara rabin ya zama ɗaya, ɗaya ya zama biyu, na koma ja mai 225, kuma abin da ya fi ba ni tsoro in ban sha ba ba bayan kaɗai ke ciwo ba, jikina duka ne, ga hamma ga zufa ga faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da na faɗi ina jijjiga a tsakar gida gaban 'yata, ina farfaɗowa na ga ta rakuɓe a bayan randa tana kallona, ranar na san na shiga uku. Wata bakwai na yi ina ganin likita kafin na rabu da shi, a hankali aka riƙa rage min. Bayan har yau yana nan amma na sa matashi a kujera, duk lodi biyu ina fita in taka in miƙe. Anti kar ki fara, na roƙe ki.

Ɗan Kwangila:
Yi haƙuri Yaya, ban san haka abin yake kaiwa ba. Na janye.

Ummu Hanan Kayan Gargajiya:
Akwai haɗin mu na sanyin ƙashi da ciwon baya, kwana 7 an rabu da shi har abada da yardar Allah, ki min magana ta gefe.

Shugabar Zaure:
Ummu Hanan mun sha faɗa ba a talla a nan. In kina da shawara ki faɗi abin da ke cikin maganin a fili kowa ya gani.

Yaya Famasis:
Sannu Maman Sadik. Bari in faɗi abin da yawanci ke cikin ledar nan don amfanin masu karantawa, saboda na san ba ke kaɗai ba ce a zauren nan. Galibi daikulofenak ne ko ibufurofen ko feldin, wani lokacin a haɗa biyu a leda ɗaya alhali dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya illarsu ɗaya, suna cinye rigar da ke kare tumbi daga ruwan tsamin ciki kuma suna wahalar da ƙoda. Ɗan mitsitsin nan kuma sau da yawa deksa ne ko firednisolon, shi ke sa ki ji garau ɗin nan, amma in aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya rage ƙwarin ƙashi, kuma in ya haɗu da na farkon haɗarin zubar jini a ciki ya ƙaru. Wanda ya daɗe yana shan ɗan mitsitsin kar ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa.
Tiramol kuma NAFDAC mai miligiram 50 da mai 100 kawai ta amince da su, su ma da takardar likita. Mai 225 ɗin da Baban Walida ya faɗa ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, kuma jijjigar da ya yi sanannen abu ne a maganin. Kun tuna yadda aka yi da kodin na ruwa, sai da BBC ta yi rahoto a 2018 gwamnati ta hana. Fanadol ma da ake raina shi babba kar ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 mai 500, in an zarce hanta ce ke biya.

Anti Nas:
Hajiya Kaka da girmamawa, gashin ruwan ɗumi na yarda da shi ɗari bisa ɗari, yana sakin nama. Amma kanwar nan a yi hattara. A garin nan namu na Zariya likitoci suka yi bincike tun shekarun 1970 a kan matan da zuciyarsu ke kumbura bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa mai yawa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, don kanwa gishiri ce tana tara ruwa a jiki. Ba ta da abin da za ta yi wa baya. Sannan masu ciwon suga kar su gasa ƙafa da ruwa mai zafi sosai, na sha wanke ƙunar da mai ita bai ma ji lokacin da ya ƙone ba.

Hajiya Kaka:
Toh 'yar nan, haihuwa tara na yi duk da kanwa na yi jego ga ni nan. Amma tunda aikinku ne ba zan ja ba, a bar kanwar, gashin dai kar ta bari.

Anti mai gashin ƙashi:
Maman Sadik sannu da jiki. Kafin komai amsa min waɗannan: fitsari ko bayan gida yana kufce miki ko yana ƙin fita? Kina jin tsakanin cinyoyinki ya mutu? Ƙafar tana rage ƙarfi har silifas ya riƙa zamewa? Kina rama ko zazzaɓin dare? In akwai ko ɗaya kar ki tsaya gwada komai, asibiti yau ɗin nan, don akwai ciwon bayan da jijiya ce ta matsu sosai, akwai kuma wanda tarin fuka ne ya kama ƙashin baya kuma muna ganin sa a nan arewa.

Maman Sadik:
A'a Anti babu ko ɗaya alhamdulillah. Hoton da aka min ma likita ya ce bai ga wani abin tashin hankali ba.

Anti mai gashin ƙashi:
Madalla. Toh ki saurare ni da kyau ƙanwata. Duk ciwon da ya wuce wata 3 mu a wajenmu ya zama daɗaɗɗe, kuma ba a bi da shi yadda ake bi da sabon rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙugu a duniya, kuma a Disambar 2023 ta fitar da jagora a kan irin naki. Abin da ta sa a gaba shi ne a fahimtar da mara lafiya ciwonsa, motsa jiki mai tsari, tausa, da zama da masanin halayyar ɗan Adam, har allurar nan ta mutanen Sin da ake tsittsirawa a jiki ta ce ana iya gwadawa, da man shafawa da ake yi da sinadarin barkono (na kanti nake nufi, kar wata ta kwaɓa yaji ta shafa). Abin da ta ce a bari kuma, ɗamarar baya da mutane ke yini da ita, da jan baya da na'ura, da dangin tiramol.
Ke matsalarki a bayyane take, awa shida kina duƙe a kan keke a benci mara majingina, na tabbata kuma a ƙasa kike shimfiɗa atamfa ki yi yanka a tsugune. Ki nemi kujera mai baya, ki naɗe ɗankwali ki sa a kwarin ƙugu. Yankan ya koma kan tebur da ya kai miki ƙugu. Duk minti 30 ki tashi ko da ɗebo ruwa ne ki dawo. Bayan asuba ki taka minti 10 a layinku, duk sati ki ƙara minti biyu ko uku, kar ki ce yau na ji sauƙi bari in rama aikin kwana uku, wannan ramuwar ita ke kwantar da mutane. In za ki kwanta ta gefe ki sa filo tsakanin gwiwoyi. Kwanciya yini guda kuma ƙara sandarar da baya take. Sauran atisayen sai na ga jikinki ko wani ya gani, akwai sashen gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Shika, ki karɓi takarda daga likitanki ki je.
Abu na ƙarshe, yaya barcinki? Kuma akwai abin da ke damun ranki? Don damuwa da rashin barci suna hura wa ciwo wuta.

Maman Sadik:
Anti na gode amma wannan ta ƙarshen ta sosa min rai gaskiya. Haka dangin maigida suke cewa, wai son jiki ne, wai tunda hoto bai nuna komai ba a kaina abin yake. Wallahi ni na san abin da nake ji, akwai daren da nake cusa fuska a filo ina kuka don kar yara su ji.

Anti mai gashin ƙashi:
Subhanallah, ki yafe ni ƙanwata, ba haka nake nufi ba ko kaɗan. Ciwonki gaskiya ne, kuma hoto ba ya ɗaukar zafi, akwai waɗanda hoto ya nuna faifan bayansu ya goge amma ba sa jin komai, akwai masu hoto fes suna kwana zaune. Abin da ke faruwa in ciwo ya daɗe jijiyoyi ne suke zama masu saurin firgita, kamar motar nan da in akuya ta goge ta sai ta ɗau kuka unguwa ta tashi, kukan gaskiya ne kowa na ji amma ba ɓarawo ba ne. Rashin barci da fargaba suna ƙara mata saurin kukan, tafiya a hankali da barci mai kyau suna lallashinta. Shi ya sa ma likitoci kan ba da amitiriftilin ɗan kaɗan da dare ga masu ciwon jijiya, ki tambayi naki ko ya dace da ke, kar ki saya da kanki.

Jikan Sarkin Aska:
Ni dai abin da ke ba ni haushi, kullum in aka zo maganar nan sai a ture namu gefe. Gidanmu wanzamai ne a cikin birni kaka da kakanni, na tashi ina riƙe wa kakana zabira, na ga manoma da 'yan dako sun zo a duƙe an kafa musu ƙaho huɗu a baya sun tafi a miƙe. Yanzu an sa masa kofin roba an ce hijama ya zama abin 'yan gayu, in wanzami ya yi kuma a ce ƙazanta. Su Turawan da kuke kafa hujja da su ba ga shi 'yan wasansu suna fitowa da tabon kofi a baya ba?

Yaya Famasis:
Ɗan uwa ba wanda ya raina gadonku. Binciken da aka yi a kan ƙaho yana nuna wasu na samun sauƙi na ɗan lokaci, sai dai binciken ƙanana ne, kuma ni ban hana kowa ba. Sharaɗi biyu ne. Reza sabuwa a ɓare a gabanka, kofi ko ƙahon da jinin wani bai zauna a ciki ba, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan kuma ta jini yake bi. Na biyu, baiwar Allahn nan jini leda biyu aka ƙara mata kwanan nan, Abu Ammar kai ma ka duba, ba yanzu ne lokacin fitar mata da jini ba sai an auna an ga ya dawo. Citta da kurkum ɗin da wasu ke turo mata ta gefe ma ta yi a hankali da sha, cikinta bai gama warkewa ba.
Kuma maganin gargajiya in aka kai shi ɗakin bincike ai yana fitowa da mutuncinsa. Niprisan na masu sikila a cibiyar binciken magunguna ta Abuja aka haɗa shi, daga haɗin wani mai maganin gargajiya, akwai masoro da kanumfari da karan dafi a ciki. Wanda nake tsoro shi ne na jarka da ba a san me aka zuba ba, wasu ma ƙwayar kemis ɗin suke dakawa a ciki.

Jikan Sarkin Aska:
Reza kam mu ma mun daɗe da komawa sabuwa. Maganar jininta kuma gaskiya ce, kakana ma ba ya yi wa mai jego ko wanda idonsa ya yi fari.

Abu Ammar:
Na karɓi gyara, ta jira. Amma Malama ga wanda ba ya buƙatar jira. A Sahihu Muslim, Usman ɗan Abil As ya kai kukan ciwo, Annabi SAW ya ce ya ɗora hannu a wurin ya ce Bismillah sau 3, sannan sau 7 ya ce A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru. Kuma ruku'un da kike cije leɓe, an yi wa Imrana ɗan Husaini sauƙi ya yi salla a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kan gefensa. Ranar da ya matsa ki zauna, ba ki yi laifi ba.

Maman Amira:
Ina ta karantawa ina hawaye. 'Yata mai shekara 11 sikila ce, mu ciwo a gidanmu baƙo ne da ya zama ɗan gida. Da hunturu ya kama nake fara fargaba, safa biyu, rigar sanyi, ruwan wanka mai ɗumi, gorar ruwa a jakar makaranta don ƙishirwa da sanyi su ke tayar mata. In ya fara kaɗan-kaɗan ina gasa mata da tawul, in shafa mata a hankali, in kunna mata karatu ko mu yi ta lissafin sunayen 'yan ajinsu har hankalinta ya bar wajen, kuma yana ragewa wallahi. Ƙanƙara kam ba a sa wa mai sikila. Amma ina roƙon iyaye irina, in ya yi tsanani ko da zazzaɓi ko numfashi ya canza a tafi asibiti, allurar da za a mata a can ba shaye-shaye ba ne, kar labarin Baban Walida ya sa a bar yaro yana birgima. Na taɓa zama da ita kwana biyu a gida ina jiƙe-jiƙe saboda maganar mutane, har yau ban yafe wa kaina ba.

Baban Walida mai Napep:
Gaskiya ne Hajiya, ni a bakin titi na saya ba likita ne ya ba ni ba. Allah ya ba Amira lafiya.

Maman Sadik:
Salam, na dawo bayan sati uku in faɗa muku inda aka kwana. Na je Shika an duba ni, an kwantar da ni an ɗaga ƙafar an lanƙwasa, aka koya min atisaye huɗu, akwai wanda nake kwanciya rigingine in tanƙwashe gwiwa in ɗaga ƙugu sama in ƙirga biyar. Kafinta ya haɗa min tebur da ragowar katako, kujerar kuma ta roba ce ta falo na jawo. Sadik ya sa min ƙararrawa a waya duk rabin awa, in ta yi kuka ko ina tsakiyar wuyan riga sai na tashi. Ni da maƙwabciyata muke takawa bayan asuba har bakin titi mu dawo, yanzu mun kai minti 16. Kaya kala uku na mayar wa masu su na ba su haƙuri, ɗaya ta ji haushi sosai ta ce ba za ta ƙara kawowa ba, abin ya tsaya min a rai kwana biyu. Ciwon bai tafi ba, kar in muku ƙarya, amma ina barci har asuba yawancin darare kuma jiya na yi ruku'u ban dafa komai ba. Sai dai ranar Asabar na je biki a Sabon Gari na yini a zaune a tabarma, Lahadi kasa tashi na yi har na fara tunanin ledar nan. Anti hakan yana nufin na ɓata aikin ne?

Anti mai gashin ƙashi:
Ba ki ɓata komai ba, zai riƙa yin haka jefi-jefi. Ranar da ya tashi ki rage tafiyar zuwa rabi amma kar ki fasa, ki gasa, washegari ki ɗora daga inda kika tsaya. Biki na gaba ki nemi kujera ko ki riƙa tashi kina taya su rabon abinci.

Hajiya Kaka:
Ki turo Sadik Ƙofar Doka ranar Juma'a bayan masallaci, an kawo min man kaɗanya mai kyau na ɗebar miki a gwangwani.